Ma'aunin Lu'u-lu'u: Yadda Ake Tantance Inganci da Daraja, da Matsayin Mai Haƙa a Afirka

Tsakure

Wannan takarda ta duba tsarin da kasuwar duniya ke bi wajen tantance lu'u-lu'u, wato ma'aunai huɗu na nauyi da launi da tsabta da yanka, waɗanda GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, ta daidaita a tsakiyar ƙarni na ashirin. Ta bayyana yadda ake auna kowanne a ɗakin gwaji, da yadda sakamakon ke komawa farashi. Matsayar takardar ita ce, nauyi kaɗai sikeli ke yanke wa hukunci, sauran ukun akwai hukuncin idon ɗan'adam a cikinsu. Sannan an gina tsarin ne domin gogaggen dutse, alhali ɗanye mai haƙa a Afirka yake sayarwa. An kafa hujja da misalai daga Botswana da Saliyo da Tanzaniya da Ghana.

1.0 Gabatarwa



A watan Mayu na 2016 kamfanin Lucara, mai haƙa a Karowe ta ƙasar Botswana, ya sayar da wani ɗanyen lu'u-lu'u mai nauyin karat 813 a kan dala miliyan 63. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a Disamba 2017, aka yi gwanjon wani mai karat 709 a birnin New York, wanda masu haƙa suka tsinta a ƙauyen Koryardu da ke gundumar Kono ta Saliyo. Dala miliyan 6.5 ya yi. Tazarar nauyin da ke tsakaninsu karat 104 ce, abin da bai kai giram 21 ba, amma kuɗin na farko ya kusa ninka na biyu sau goma. In aka raba, kowane karat na dutsen Botswana ya tashi a kan dala 77,000 da ɗoriya, na Saliyo kuwa 9,000 da 'yan kai.

Dukansu kabon ne, taurinsu ɗaya, babu jabu a cikinsu. Masu sayen ma tsofaffin hannu ne. Laurence Graff, wanda ya sayi na Saliyo, shi ne ya biya dala miliyan 53 a kan wani ɗanyen dutse mai suna Lesedi La Rona, mai karat 1,109, wata uku kafin nan. To me suka gani a cikin wannan da ba su gani a cikin wancan ba?

Amsar tana cikin tsarin tantancewar da zan bi da ku a yau. Ba zan ba ma'aunan lokaci daidai ba, domin ba tasirinsu ɗaya ba. Bayan na gama da su zan koma kan abin da ya fi tsaya mini a rai, wato mutumin da ya fara ɗaukar dutsen daga cikin tsakuwa, wanda yake sayar da shi tun kafin kowa ya rubuta masa daraja.

2.0 Asalin Tsarin

Har zuwa farkon ƙarni na ashirin kowane ɗan kasuwa da nasa bakin. Wannan ya ce dutsensa A ne, maƙwabcinsa ya ce nasa AA, na gaba ya ƙara A na uku. Wasu da sunayen ramuka da yankunan Afirka ta Kudu suke kiran launi: Jager daga Jagersfontein, da Wesselton, da Cape ga mai ɗorawa-ɗorawa. Mai saye a Landan ba shi da tabbacin abin da mai sayarwa a Amsterdam yake nufi sai ya gani da idonsa.

Robert Shipley, wani mai sayar da kayan ƙawa Ba'amurke, ya kafa GIA a 1931, kuma shi ya yaɗa koyar da ma'aunan huɗu ga ɗalibansa. Magajinsa Richard Liddicoat ya fito da jadawalin launi da na tsabta a 1953, cibiyar ta fara bayar da takardar tantancewa a 1955. Daga baya wasu ɗakunan gwaji suka taso, irin su IGI da HRD a birnin Antwerp na Beljiyam, kuma kusan dukansu a kan wannan turba suke. Ya kamata a riƙe abu ɗaya tun daga nan: masu shaguna ne suka ƙirƙiri tsarin domin masu shaguna, saboda mai sayen zobe ya amince da abin da ake sayar masa. Wannan manufa ce mai kyau, kuma ta cim ma nasara. Sai dai ita ce ta shata iyakar abin da tsarin zai iya gani.

3.0 Nauyi

Karat ɗaya miligiram 200 ne, karat biyar giram ɗaya ke nan. An daidaita wannan a taron ma'aunai na duniya a Faransa a 1907, kuma ana raba karat gida ɗari. Ya sha bamban da karat 18 ko 21 da masu sayen gwal suka saba ji, wanda tsantsar zinariya yake aunawa. Zagayayyen dutse mai karat ɗaya da aka yanka da kyau faɗinsa kusan milimita 6.5 ne.

Gwal giram biyu kuɗin giram ɗaya ne sau biyu. Lu'u-lu'u bai yarda da wannan lissafi ba, domin babban dutse ya fi ƙanana wuyar samu nesa ba kusa ba, kuma ba a narka ƙanana a haɗa babba. Tun ƙarni na 17 Bafaranshen ɗan kasuwa Jean-Baptiste Tavernier ya ruwaito ƙa'idar da ya tarar a Indiya: a ninka kuɗin karat ɗaya da nauyin dutsen, a sake ninkawa da nauyin. Mai karat biyu ya zama ninki huɗu, mai uku ninki tara. Kasuwar yau ba ta bin lissafin daidai da daidai, amma ruhinsa yana nan.

Farashin kuma tsalle yake yi a wasu iyakoki: rabin karat, karat ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Ido ba ya bambanta 0.99 da 1.00, aljihu yana bambantawa. Shi ya sa GIA ta tsaurara: dutsen da sikeli ya nuna 0.998 ana rubuta masa 0.99, sai ya kai 0.999 za a cika masa ɗaya. Za mu ga illar wannan iyaka idan mun zo kan yanka.

4.0 Launi

Jadawalin launi ya fara daga harafin D ya ƙare a Z, matakai 23. An fara da D ne domin a rabu da tsofaffin A da B da C da 'yan kasuwa suka riga suka ɓata. D zuwa F su ne marasa launi, G zuwa J dab da haka, daga K ɗorawar ko ruwan ƙasar ta fara bayyana, tana ƙaruwa har Z. Abin da ke jawo ɗorawar galibi sinadarin naitirojin ne da ya shiga tsakanin ƙwayoyin kabon. Duwatsun da kusan babu naitirojin a cikinsu, waɗanda masana ke kira nau'in IIa, ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba, kuma daga cikinsu ne manyan fararen duwatsun Karowe suke fitowa. Kaso mai yawa na amsar tambayar da na fara da ita yana nan: na Botswana fari ne tas, na Koryardu kuwa yana da ɗorawa, ga tabo a ciki.

Yana da kyau mu leƙa ɗakin da ake wannan aiki. Bangonsa fari ne ko toka-toka, a gaban mai tantancewa akwai fitila mai kwaikwayon hasken rana. Zai goge dutsen, ya ɗauke shi da hantsaki, ya kifa shi a cikin farar takardar da aka ninka ta yi kwari, fuska ƙasa tsini sama, domin ta sama ƙyalli yana ɓoye launi. A jere a kan takardar akwai duwatsun gwaji waɗanda aka riga aka san matsayin kowanne. Sai ya ajiye baƙon a hagun ɗaya daga cikinsu ya duba, ya mayar da shi dama ya sake dubawa, saboda idon mutum yakan ga dutse ɗaya ya fi duhu a gefe guda. Bai san mai dutsen ba, lamba kawai yake gani. Idan ya rubuta nasa, wani ya sake dubawa ba tare da ya ga abin da na farko ya rubuta ba, har sai ra'ayi ya zo ɗaya. Yanzu akwai na'urorin auna launi da ke taimakawa, amma ma'aunin da ake komawa gare shi har yanzu waɗannan duwatsun gwajin ne.

Kowane harafi fili ne mai faɗi, yana da farko da ƙarshe. G da ke dab da F ya fi kusa da shi a kan wani G da ke dab da H. Dutsen da ya faɗo a kan iyaka yana iya samun G yau, ya sami H a wani ɗakin, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Akwai kuma batun ƙyallin da wasu duwatsu ke yi a ƙarƙashin hasken ultrabayolet, galibi shuɗi. Kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na lu'u-lu'u suna yin sa. Binciken da GIA ta wallafa a 1997 ya nuna cewa mai kallo na yau da kullum ba ya ganin wata illa a mafi yawansu, wani lokaci ma shuɗin yana rage ɗorawa. Duk da haka kasuwa na rage kuɗin farin dutsen da ƙyallinsa ya yi ƙarfi. A ganina wannan al'ada ce ta 'yan kasuwa da ta rinjayi binciken masana.

Da launi ya wuce Z sai lissafin ya juye, ƙarfin launin ya zama abin nema. Boron ke ba da shuɗi, tururin nukiliya na cikin ƙasa ya ba da kore, murɗewar tsarin ƙwayoyin dutsen ta ba da ruwan hoda. Shuɗin dutsen Oppenheimer Blue, karat 14.62 kacal, ya yi dala miliyan 57.5 a Geneva a 2016. Pink Star mai karat 59.60 ya yi miliyan 71.2 a Hong Kong a 2017. Ramin Argyle na Ostareliya, inda a da mafi yawan masu ruwan hoda suke fitowa, an rufe shi a Nuwamba 2020.

5.0 Tsabta

Akasarin lu'u-lu'u a zurfin kilomita 150 zuwa 200 yake samuwa, cikin zafi da matsi, kuma da wuya ya fito ba tare da ya haɗiyo wani abu ba: ƙwayar wani ma'adini, ko tsaga, ko wani hazo-hazo. Ana duba waɗannan da gilashi mai ƙara girma sau goma, shi ne mizani. Abin da sai an ƙara girma sau arba'in za a gan shi ba ya shiga hukunci. Matakan 11 ne. FL shi ne garau ciki da waje, IF garau a ciki, sai VVS1 da VVS2, VS1 da VS2, SI1 da SI2, a ƙarshe I1 zuwa I3 inda tabon yakan fito fili har ya taɓa ƙyalli ko ƙarfin dutsen.

Mai tantancewa yana duba girman tabon, da yawansa, da irinsa, da yadda ya yi fice, da kuma inda ya zauna. Wurin zaman yana da tasiri ƙwarai. Baƙin ɗigo a tsakiyar fuska ya fi muni a kan irinsa a gefe, inda ƙarfen zobe zai rufe shi. Wanda ya zauna kusa da tsini kuwa fuskokin ƙasa suna maimaita hotonsa, ɗigo ɗaya ya koma takwas.

Daga VS2 zuwa sama, ido tsirara ba ya ganin komai a mafi yawan duwatsu. Ke nan kuɗin da ke tsakanin VS2 da FL, wanda ba kaɗan ba ne, kuɗin ƙarancin samu ne. Ba na ganin laifin wanda ya biya shi da saninsa. Laifin yana kan mai shagon da ya bar shi yana zaton kyau yake saya.

Ga masana ƙasa kuwa, tabon da ɗan kasuwa ke ƙi shi ne abin nema. A 2014 Graham Pearson na Jami'ar Alberta da abokan aikinsa suka ba da rahoton ƙwayar ma'adinin ringwoodite a cikin wani mummunan dutse daga Juína ta Brazil, ɗauke da ruwa kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinta. Ita ta zama shaidar gani da ido cewa akwai ruwa a ƙulle cikin duwatsu a zurfin da ya haura kilomita 400.

Ana kuma yi wa tabo dabara. Akan huda dutse da hasken lesa a wanke baƙin ɗigo, ko a cike tsaga da wani irin gilashi. GIA ba ta ba dutsen da aka cike daraja, domin cikon ba ya dawwama.

6.0 Yanka

Wannan ne kaɗai aikin hannun mutum a cikin huɗun, kuma shi ne ya fi ƙayyade abin da ido ke gani. Ma'aunin lanƙwasa haske na lu'u-lu'u 2.42 ne, na gilashi kusan 1.5. Sakamakon haka, hasken da ya shiga dutsen ba ya iya fita sai ya doki bango kusan kai tsaye, cikin digiri 24.4 daga miƙe. In ya wuce haka sai ya koma ciki. Aikin mai yanka shi ne ya jera fuskokin ƙasa yadda hasken da ya shigo ta sama zai doki wannan gefe, ya tsallaka wancan, ya dawo sama wurin mai kallo, yana tarwatse cikin launukan bakan gizo.

Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yanka daga Antwerp, shi ya yi lissafin a 1919. Ya ce faɗin shimfiɗaɗɗiyar fuskar sama ya zama kashi 53 cikin ɗari na faɗin dutsen, gangaren sama digiri 34.5, na ƙasa 40.75. Zagayayyen dutse na yau mai fuskoki 57 ko 58 daga wannan lissafi ya samo asali. In ƙasan ya yi zurfi da yawa tsakiyar dutsen ta yi duhu. In zurfinsa ya gaza sai wani farin zobe ya bayyana a ciki, wanda masu sana'ar ke kira idon kifi. Kuskuren digiri ɗaya ko biyu ya isa.

Abin mamaki, ma'aunin da ya fi kowanne tasiri a ido shi ne na ƙarshen samun daraja. Sai a 2006 GIA ta fara rubuta matsayin yanka a takardunta, matakai biyar, kuma ga zagayayyen dutse kawai. Fiye da shekara hamsin ke nan takardar GIA tana ɗauke da lambobi uku, na huɗun an bar wa ido.

Mai yanka kullum yana tsakanin kyau da nauyi. A ce dutsen da ke kan faifansa, in ya bi lissafi, zai ƙare a 0.94. In ya bar ɗamarar tsakiya da kauri, ya ƙara wa ƙasan zurfi, zai tsira da 1.01. Na biyun ya fi duhu, faɗinsa ma bai fi na farko ba domin nauyin a ƙasa ya ɓuya, amma ya haye iyakar karat ɗaya. Kamar ɗinkin da tela ya ƙi rage yadi ne don kada a ce ya yi ɓarna, rigar ta fito ba ta zauna a jiki ba. Duk wanda ya ga dutse mai 1.00 ko 1.01 ya fara duba zurfinsa kafin komai.

7.0 Daga Takarda Zuwa Farashi

Takardar tantancewa ba ta faɗin kuɗi. Wanda ya haɗa ta da kuɗi shi ne Martin Rapaport, wanda ya fara fitar da jadawalin farashi a New York a 1978. Kowane rukunin nauyi yana da nasa allo, launi a tsaye, tsabta a kwance, a kowane gida an rubuta kuɗin karat ɗaya. Dillalai a Antwerp da Mumbai da Dubai da shi suke ciniki, suna cewa kashi kaza ƙasa da jadawali. A cikin wannan ragin ne yanka da ƙyallin ultrabayolet da sunan ɗakin da ya ba da takarda suke shigowa.

Tunda matsawa gida ɗaya a allon na iya zama dubban daloli a babban dutse, dole a sami masu son tura dutse gidan da ba nasa ba. A 2005 GIA ta sallami ma'aikata huɗu a ɗakin gwajinta na New York bayan zargin karɓar na goro don ɗaga daraja. A 2014 kasuwar intanet ta Rapaport ta daina karɓar takardun ɗakunan EGL, bisa hujjar cewa wasunsu suna ɗaga daraja fiye da kima. A 2015 GIA ta soke takardu fiye da dubu ɗaya bayan an yi kutse a kwamfutocinta an sauya sakamako. Na kawo waɗannan ne don a san cewa takarda ra'ayin wata cibiya ce, ƙarfinta gwargwadon amanar cibiyar. A al'adar kasuwa ana yafe saɓanin mataki ɗaya tsakanin ƙwararru biyu. In ya kai uku ko huɗu, ya wuce saɓani.

8.0 Ɗanyen Dutse

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan gogaggen dutse ne. Ɗanyensa ba shi da D ko VS1. Abin da ke akwai shi ne hasashe: me zai fito daga ciki, nawa ne nauyinsa, wane launi, wace tsabta, nawa ne kuɗin aikin. Mai ƙiyasi daga jadawalin gogagge yake farawa ya yi lissafi da baya.

Asarar nauyi ita ce farkon lissafin. Rabi ko fiye na ɗanyen dutse yakan tafi a yanka da guga. Dutsen Cullinan, wanda aka samu kusa da Pretoria a Janairu 1905 da nauyin karat 3,106, kamfanin Asscher na Amsterdam ya fitar da manyan duwatsu tara da ƙanana 96 daga cikinsa, jimillarsu ba ta kai karat 1,100 ba. Mafi girman abin da Graff ya samu daga Lesedi La Rona karat 302.37 ne. Siffa ma tana magana. Dutse mai fuska takwas, kamar dala biyu da aka haɗa gindinsu, ana raba shi da zarto a sami zagayayyu biyu. Falalen dutse mai kusurwa uku ba ya ba da haka. Wasu duwatsun Saliyo da Angola da Kwango suna zuwa da ɓawo mai duhu, sai an goge ɗan wuri an buɗe taga kafin a ga cikinsu. Kamfanin De Beers yana rarraba ɗanyen dutse zuwa rukunai kusan 12,000. Manyan masu saye kuma suna da na'urori, irin Galaxy ta kamfanin Sarine, masu zana taswirar kowane tabo a kwamfuta su nuna yankan da ya fi riba kafin a taɓa dutsen.

Yanzu a kwatanta da mai haƙa a bakin kogi a Kono. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana jijjiga rariya har tsakuwa mai nauyi ta taru a tsakiya, ya kife ta ya bi da ido. In Allah ya ba shi, ya ƙulle dutsen a 'yar takarda. Galibi akwai mai ɗaukar nauyinsa, wanda ya ba shi shinkafa da shebur tun farkon aiki, kuma shi ne mai saye na farko. Sikeli na mai saye ne, gilashi nasa ne, fitila tasa ce. In ya ce akwai tsaga a ciki, ko ya ce launin ya yi ɗorawa, mai haƙa ba shi da abin da zai musa da shi. Mai sayen ma yana cikin kasada, domin yana iya buɗe taga ya tarar da hazo, kuma da yawansu sun karye a haka. Amma shi ya san girman kasadarsa, ya kuma cire ta daga farashi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan ciniki duhun a gefe guda yake.

A Akwatia ta Ghana, inda aka gano lu'u-lu'u a kwarin Birim tun 1919, duwatsun ƙanana ne ƙwarai, a tare ake sayar da su bayan an tace da rariya mai lamba. A can gwanintar tana wajen sanin kashi nawa na ƙunshin zai yi ado, nawa ne na masana'anta. 'Yan kasuwa masu jin Hausa sun daɗe a wannan harka, a zangon Akwatia da garuruwan Carnot da Berberati na Afirka ta Tsakiya, kuma abin da suka sani a hannun iyayen gidansu suka koya.

Gwamnatoci ma ba su tsira ba. A 2017 Tanzaniya ta tsare wani ƙunshi mai karat sama da 71,000 daga ramin Williamson. An rubuta masa dala miliyan 14.8, gwamnati ta ce ya kai 29.5. Ƙunshi ɗaya, ƙiyasi biyu, ɗaya ninkin ɗaya. Dutsen Koryardu kansa, wanda Fasto Emmanuel Momoh ya miƙa wa gwamnati, an taya shi dala miliyan 7.8 a Freetown a watan Mayu 2017, aka ƙi sallamawa da zaton zai fi haka a waje, ya ƙare a 6.5. Tsarin Kimberley na 2003 ya zo ne don toshe duwatsun da ke ciyar da yaƙi. Takardarsa tana ɗauke da nauyi da ƙimar ƙunshi, amma a bakin fita ake rubuta ta, bayan mai haƙa ya daɗe da karɓar abin da aka ba shi.

Botswana ta nuna akwai wata hanya. Ta dage har De Beers ta kwaso cinikin ɗanyen dutse daga Landan zuwa Gaborone a 2013, 'yan ƙasa ne ke rarrabewa, kuma kamfanin gwamnati na Okavango yana sayar da nasa kaso, abin da ke ba ta damar sanin farashi da kanta. A 2020 Lucara ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin HB Antwerp cewa duk dutsen da ya haura karat 10.8 za a biya shi ne bisa abin da gogaggensa ya yi a kasuwa, bayan cire kuɗin aiki da ladan kamfanin. Wannan ya mayar da mai rami cikin lissafin ma'aunan huɗu. Shi nake ganin ya fi cancanta a yi nazarin yadda za a ƙanƙanta shi ya isa ga ƙungiyoyin ƙananan masu haƙa.

9.0 Dutsen Masana'anta

Tun 1954 kamfanin General Electric ya ƙera lu'u-lu'u, kuma a yau ana ƙera na ado wanda sinadarinsa da taurinsa da ƙyallinsa daidai suke da na ƙasa, sai na'ura ke rarrabe su. Farashinsa ya faɗi warwas cikin 'yan shekaru. A 2025 De Beers ta sanar da rufe Lightbox, reshenta na irin wannan dutse, GIA kuma ta ce za ta daina ba shi haruffan launi da tsabta, ta koma matakai biyu kawai, saboda kusan dukansa fari ne garau. Wannan mataki ya tabbatar da abin da na faɗa a baya, cewa ƙarancin samu jadawalin ke aunawa. Inda masana'anta za ta iya fitar da D yadda take so, harafin ya daina rarrabe komai. Ga ƙasashen da ke haƙa, darajar dutsensu ta koma rataye a kan iya tabbatar da cewa daga ƙasa ya fito, da kuma daga wace ƙasa.

10.0 Shawarwari

Kayan aikin farko ba su da tsada: sikelin karat, gilashi mai ƙara girma sau goma, fitila mai farin haske, hantsaki, rariya mai lamba. Abin da ke da tsada shi ne idon da aka horar, kuma shi ne ya kamata a zuba wa kuɗi. Ina ba hukumomin ma'adinai na ƙasashen da ke haƙa shawarar su ajiye mai ƙiyasi a garin da ake haƙar, wanda ba ya saye ba ya sayarwa, ya rubuta wa mai haƙa nauyi da launi da siffar dutsensa kafin ya shiga ciniki. Shirin GemFair da De Beers ta fara a Saliyo a 2018 ya gwada koya wa masu haƙa ƙiyasi, sai dai mai koyarwar shi ne mai sayen, don haka ana bukatar wanda ba shi da riba a cinikin.

Nijeriya ba ta cikin masu fitar da lu'u-lu'u, amma masu haƙar safaya a Mambila da na sauran duwatsu masu launi a Nasarawa da Kaduna a irin wannan matsayi suke sayarwa. Ina kira ga sassan nazarin ƙasa da na haƙar ma'adinai a jami'o'inmu da kwalejojinmu su buɗe darasin tantance duwatsu masu daraja, da duwatsun gwaji na gaske a kan tebur, su kuma shirya gajeren horo cikin Hausa domin masu haƙa da dillalan da ba su bi ta aji ba.